Neman Tsohuwar Makka a Cikin Hotuna da Taswirori

Duk alhajin da ya fito daga Masallacin Harami ta Ƙofar Sarki Abdul'aziz a yau, ya fuskanci kudu, abin da zai tare masa ido shi ne dogon benen nan mai agogo, wanda tsawonsa ya kai mita 601, aka kuma gama shi a shekara ta 2012. Da za a miƙa masa hoton da aka ɗauka ana duban wannan nahiya a shekarun 1880, da sai ya ce ba garin ba ne. Gidajen dutse ne masu hawa uku da huɗu suka cunkushe a gindin wani tsauni, a bisa tsaunin kuma ga wata kagara, watau ginin tsaro na soja, tana leƙen Harami. Ita ce kagarar Ajyad, wadda aka gina wajen 1780. A watan Janairu na 2002 aka rushe ta, tsaunin da take zaune a kai ma aka farfasa shi aka kwashe, domin a sami filin kafa benayen da ke wurin yanzu.

Wannan shi ne abin da ya sa aikin masu binciken tsohuwar Makka ya fi na takwarorinsu wuya. Sa'ad da mutanen Polan suka tashi sake gina tsakiyar birnin Waso bayan yaƙin duniya na biyu, sun dogara ga zane-zanen da wani Ba'italiye mai suna Bellotto ya yi a ƙarni na 18, amma kogin garin yana nan inda yake, sawun tituna kuma yana nan a ƙarƙashin ɓaraguzai. A Makka kuwa, gida ya tafi, lungun da gidan yake ya tafi, sau da yawa tudun da lungun ya hau shi ma ya tafi. Mai neman inda wani gini ya tsaya tilas ya fara da neman abin da bai gusa ba, kuma a tsakiyar garin abu guda ne tak ake da tabbacin bai gusa ko da taki ɗaya ba, watau Ɗakin Ka'aba.

Dalilin rushe-rushen ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1930 baƙin alhazai da ke zuwa daga ƙetare ba su cika kai dubu 100 ba, amma a 2012 waɗanda suka yi aikin hajji sun haura miliyan 3. An fara babbar faɗaɗawa ta farko a 1955, zamanin Sarki Sa'udu, aka yi ta biyu zamanin Sarki Fahad daga 1988, kana daga 2008 aka shiga rushe unguwar Shamiyya da maƙwabtanta a arewacin Harami domin ta uku. Ana ta muhawara a kan ko ya kamata a ce an bar wasu gine-ginen, kuma masu ƙorafin suna da hujja, sai dai wanda ya taɓa shiga turmutsutsun ɗawafi ya san ba a banza aka nemi fili ba. Ko ma dai yaya ne, garin da kakannin alhazan yau suka sani ya koma cikin takarda.

Mafi tsufan takardun nan ba hotuna ba ne. Tun a ƙarni na 9 na Miladiyya malam Azraƙi ya rubuta Akhbaru Makka, inda ya bi gidaje da unguwanni yana faɗin na wane ne, yana kuma auna sassan Masallacin da zira'i. Matsalar irin wannan bayani ita ce yana kwatanta gida da gidan maƙwabci, in kuwa duka biyun sun shuɗe, kwatancen ya zama tatsuniya. Taswira ce ke ɗaure suna a kan ƙasa. Wadda aka fi komawa gare ta cikin na farko-farko ita ce ta Burckhardt, mutumin Suwizalan da ya zauna a Makka a 1814 da sunan Shaihu Ibrahim, aka buga littafinsa a 1829 bayan rasuwarsa. Da ƙafa ya auna garin, ya ce daga Shubaika zuwa ƙarshen Ma'ala kimanin taki 1,500 ne, ya jera unguwanni da kasuwanni da sunayensu. Awon taki ba ya rasa kuskure, amma jerin ya tsaya daidai: wace unguwa ke bin wace, wane titi ke fita wace ƙofa. A ƙarshen shekarun 1940 kuma ma'aikatan safiyo na Masar suka fitar da wata taswirar garin da aka auna da na'ura. Darajarta ba ta misaltuwa, domin an yi ta ne 'yan shekaru kaɗan kafin rushewar 1955, ta kama garin a kan tsohon fasalinsa.

Hoto kuwa ya shigo ne ta hannun wani injiniyan sojan Masar, Muhammadu Sadiƙ Bey. Shi ne ya fara ɗaukar hoton Madina a 1861, sa'an nan a 1880 ya zo Makka a matsayin ma'ajin ayarin Mahmal, ya ɗauki Harami da Ka'aba da Mina da Arfa. A zamanin nan a kan faifan gilashi ake ɗauka, ana shafa masa magani a cikin duhu, a ɗauka tun bai bushe ba, ga zafin Hijaz. Saboda na'urar tana daɗewa a buɗe, mai tafiya yakan fito kamar hayaƙi, gini kuwa ya fito tsaf har ana iya ƙirga tagoginsa. Ga mai binciken gine-gine wannan ba aibi ba ne.

Hotunan da suka fi yawa da amfani daga wancan zamani suna da labari mai ban mamaki. A 1885 wani masani ɗan ƙasar Holan, Snouck Hurgronje, ya shiga Makka da sunan Abdulgaffar, ya yi wata shida. A can ya yi abota da wani likita ɗan garin, wanda shi ma sunansa Sayyid Abdulgaffar, suka riƙa ɗaukar hoto tare. A watan Agusta hukumar Turkawa ta umarci baƙon ya bar garin, ya tafi ya bar wa likitan kayan aikinsa, shi kuwa likitan ya ci gaba da ɗauka yana aika masa Holan. A 1889 aka buga kundin hotunan a birnin Leiden da sunan Baturen, aka kankare sa hannun likitan daga jikin hotunan, ko da yake ba a kankare shi sarai ba. Shekaru da dama ana ɗaukan cewa aikin Baturen ne, har wanda ya hango burbushin sunan Abdulgaffar ma sai ya ce ai sunan da ya ara ne. Abin da ya warware zancen lissafi ne mai sauƙi. A cikin kundin akwai hotunan alhazai a Arfa da Muzdalifa da Mina, hajjin 1885 kuwa a watan Satumba aka yi shi, bayan Baturen ya riga ya bar ƙasar. Wanda ba ya nan ba zai ɗauki hoton tsayuwar Arfa ba. Yanzu an yarda cewa likitan nan shi ne ɗan Makka na farko da aka sani da wannan sana'a. Sanin wanda ya ɗauki hoto ba don a ba shi haƙƙinsa kaɗai ake nemansa ba, shi ne ke nuna shekarun da za a sa hoton a ciki. Bayansu sai Ibrahim Rif'at Basha, wanda ya zo da ayarin Masar a 1901 da 1903 da 1904 da 1908, ya buga Mir'atul Haramaini a 1925 cike da hotuna, ga kuma na kamfanin Mirza na birnin Delhi, na wajen 1907.

To, in mai bincike ya sami irin wannan hoto a gabansa, daga ina zai fara? Daga Ka'aba zai fara, domin kowace fuska tata tana da alama. Ƙofar tana fuskar arewa maso gabas. Wanda ya tsaya yana kallon ƙofar, Hajarul Aswad yana kusurwar hagunsa, Hijiru Isma'il da indararon zinariya suna ta damansa. Da wannan kaɗai ake gane ta wace nahiya mai hoton ya tsaya. Da shi kuma ake kama wani kuskure da ya yi yawa a tsofaffin littattafai da katunan gaisuwa: in aka kifa gilashin a wurin wankewa, hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu. Duk hoton da aka ga ƙofar Ka'aba a ciki, Hijiru kuma yana hagu, a juye yake, wanda ya gina bincikensa a kai zai kai unguwar gabas yamma.

Bayan Ka'aba sai hasumiyoyi. A zamanin Turkawa guda bakwai ne, kowace da siffarta da wurinta: ta Babul Umra, ta Babus Salam, ta Babu Ali, ta Babul Wada'i, ta Babuz Ziyada, ta makarantar Ƙayitbai, da ta Sulaimaniyya. Tun da an san inda kowace take a kan taswira, in biyu suka fito a hoto ɗaya, ɗaya tana gaban ɗaya ko tana kusa da rufe ta, sai a ja layi a kan taswirar ya ratsa su duka biyu. Mai hoton yana wani wuri a kan wannan layi. A sake samun wasu biyu a ja layi na biyu, inda layukan suka haɗu nan ya kafa na'urarsa. Galibi akan tarar ko dai a kan wata hasumiya ya hau, ko a soron wani gida, ko a gangaren Dutsen Abu Ƙubais da ke gabas, bayan Safa. Da zarar an san mazauninsa, kowane gini da ke cikin hoton ya sami layinsa, sai a bi layin a kan taswirar Masarawa a ga wane gida ko wane lungu ya faɗa a kai. In aka yi sa'a ginin ya fito a hoto na biyu da aka ɗauka daga wani wurin, an kama shi ke nan. Daga nan sai a ɗora tsohuwar taswirar a kan hoton tauraron ɗan Adam na yau, a daidaita kusurwoyin Ka'aba huɗu, a ga a ƙarƙashin wane dandamali ko wane otal wurin yake kwance. Kwamfuta ta sauƙaƙa wannan ƙwarai, amma dabarar ita ce dai ta mai safiyo da zarensa.

Sanin shekara kuma wani aiki ne dabam, ana yin sa da abin da ke cikin hoton da abin da babu. Hamidiyya, gidan gwamnatin da gwamna Usman Nuri Basha ya gina a tsakiyar shekarun 1880 ya sa masa sunan Sarkin Musulmin Santambul Abdulhamid, ba za a same ta a hotunan Sadiƙ Bey na 1880 ba, tana cikin kundin da aka buga a Holan, faɗaɗawar da aka fara a 1955 kuma ta cinye ta. Ƙubbobin maƙabartar Ma'ala an rushe su a tsakiyar shekarun 1920, bayan da garin ya shiga hannun Sarki Abdul'aziz, saboda haka hoton da ke da su ya girmi wannan lokaci. Ginin da ke kan rijiyar Zamzam an kawar da shi a 1963, tsohon ɗakin Maƙamu Ibrahim kuma a 1967 aka maye gurbinsa da ƙaramin murfin gilashi. Hoton da ruwa ya cika Harami har wani saurayi yana ɗawafi da iyo na ambaliyar 1941 ne. Har watan da aka ɗauki hoto akan iya kusanta. In an naɗe gindin rigar Ka'aba an sa farin ƙyalle, lokacin hajji ya gabato. Rana kuma takan tsaya daidai bisa Ka'aba sau biyu a shekara, ran 27 ko 28 ga Mayu da ran 15 ko 16 ga Yuli, tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuwa arewa.

Babu inda wannan aiki ya fi ba mai karatu mamaki kamar wurin sa'ayi. Alhajin yau ya san Safa da Marwa a matsayin dogon zaure mai sanyi, mai hawa-hawa, a cikin Masallaci. Kafin 1955 titi ne na gari, tsawonsa kusan mita 400, a wajen Masallaci. Kantuna ne a gefensa, gidajen haya a samansu, masu sa'ayi suna kutsawa tsakanin masu ciniki da jakuna da raƙuma, wata hanya ma ta ratsa shi a kusa da Safa. A Marwa wanzamai ke zaune suna jiran masu aski. Ana rarrabe ƙarshen biyu a hoto da bakan gini: Safa tana da baka uku a kan matakala, Marwa babban baka guda. A zamanin Sharif Husaini aka yi wa titin rumfa saboda rana, a shekara ta 1345 ta Hijira kuma Sarki Abdul'aziz ya sa aka shimfiɗa masa dutse, domin kafin nan ƙura ce da rairayi. Ke nan hoton da babu rumfa ya riga wanda ke da ita, mai rumfa da ƙasa tsirara kuma ya riga mai daɓen dutse. Koren alamomin nan biyu da maza ke sassarfa a tsakaninsu, waɗanda yanzu fitilu ne, a da a jikin bango suke, ɗaya a bangon Masallaci wajen Babu Ali. A bakin wannan titi makarantar Sarkin Masar Ƙayitbai ta tsaya tun ƙarshen ƙarni na 15, kusa da Safa kuma akwai gidan da ake kira Darul Arƙam, inda Musulmin farko suka riƙa taruwa a ɓoye. Duka biyun sun tafi a faɗaɗawar farko. Da yake Safa da Marwa ba su bar wurarensu ba, wannan yanki ya fi kowane sauƙin mayarwa kan taswira.

Tarko mafi girma a wannan bincike shi ne suna. Suna yakan yi ƙaura ya bar wurinsa. Akwai Babus Salam a Masallacin yau, akwai Babul Umra, amma da bangon ya matsa waje ƙofofin sun bi shi, ba a inda na da suke ba. Ajyad da Shubaika da Misfala har yanzu ana jin su a bakin direbobi da allunan otal, sai dai abin da sunan ya rufe a 1900 ba lalle ne ya zama shi ya rufe yau ba. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto ma ba abin amincewa ba ne ido rufe, domin masu buga katuna a Alƙahira da Santambul da Bambai sun sha kwafar hoton wani su sa sabon suna da sabuwar shekara, wani lokaci har su ƙara zane da hannu. Ga kuma zurfi: ambaliya ta shekara da shekaru ta tara ƙasa a titunan har sai da ya zama ana sauka da matakala in za a shiga Masallaci. Shi ya sa da aka tona wurin da aka daɗe ana cewa gidan Nana Hadiza ne, Allah ya ƙara mata yarda, a 1989, a ƙarƙashin ƙasa aka tarar da ɗakunan. Sami Angawi, masanin gine-ginen da ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a 1975, yana cikin waɗanda suka auna wurin suka ɗauki hotonsa kafin a sake rufe shi.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta juya ta kalla ba, wannan kuwa ya shafi masu karatun wannan mujalla kai tsaye. Masu ɗaukar hoton nan Harami suka sa a gaba, sai gidajen gwamnati, da fadar Sharif, da sansanin Mahmal. Snouck Hurgronje ya tara hotunan alhazan Jawa da Sumatara da yawa, saboda ƙasarsa ce ke mulkinsu. Mutanen ƙasashen Hausa da Barno da sauran yammacin Afirka, waɗanda Larabawa ke kira Takari, sun daɗe a garin. Burckhardt ya gan su a 1814 suna dako, suna ɗiban ruwa, suna saƙa tabarmi da kwanduna, suna gina ƙananan murahu na yumɓu suna sayar wa alhazai, ya kuma yaba da ƙwazonsu. Bayan yaƙin Burmi na 1903 wasu ƙarin jama'a suka bi hanyar gabas, waɗansu suka tsaya Sudan, waɗansu suka ƙetare Bahar Maliya. Amma a bakin gari suka zauna, can ƙasan Misfala da wajen Jarwal, daga baya Hindawiyya da Shari'ul Mansur, a bukkoki da gidajen da mai safiyo ba ya ɓata tawadarsa a kansu. A manyan hotunan da aka ɗauko daga kan tsauni, irin waɗannan wurare sukan fito ne a can gefe, dishi-dishi, inda gilashin ya fara dushewa. Gangaren Jabal Umar, inda talakawa baƙi suka yi gidaje, an share shi a shekarun 2000, sabon babban titin da aka yanko daga yamma zuwa kusa da Harami kuma ya ratsa wasu unguwannin.

A nan hoton da ke cikin adakar wani gida a Kumasi ko Garwa ko Abeche ko Wad Madani yana iya fin na ɗakin karatun Leiden amfani, ko da kuwa hoton tsoho ne yana tsaye a ƙofar gidan da ya sauka a 1960, muddin dai akwai kan hasumiya ko gefen tsauni a bayansa. Haka nan tsofaffin da suka yi hajji ko suka yi zama a can kafin rushe-rushen baya, ana iya ɗora maganarsu a kan taswira in an iya tambaya. Tambayar sunan titi ba ta cika haifar da kome ba, domin yawancin lungunan ba su da allo. Wadda ke aiki ita ce: ta wace ƙofa kuke shiga Harami, in kun fito gida gangara kuke yi ko hawa, wace kasuwa kuke ratsawa, kuma da kun shiga wace fuskar Ka'aba kuke fara gani?

Wuri guda a cikin tsofaffin hotunan ana iya nuna shi da yatsa a ce nan Malikawa suke sahu, mutanen ƙasar Hausa kuwa Malikawa ne. Har tsakiyar shekarun 1920 kowace mazhaba da limaminta a Harami, kowane liman da 'yar rumfarsa a gefen wurin ɗawafi. Ta Hanafawa ce babba, mai hawa biyu, tana fuskantar indararo. Ta Malikawa ƙarama ce a kan ginshiƙai huɗu, tana fuskar da ke bayan ƙofa, tsakanin Rukunul Yamani da kusurwar yamma. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya yi hajji a 1921, ya tarar da ita ana salla a cikinta. Sarki Abdul'aziz ya haɗa jama'a a bayan liman ɗaya, rumfunan kuma aka kawar da su a ƙarshen shekarun 1950 domin a buɗe wa masu ɗawafi hanya. Inda ta Malikawa ta tsaya yanzu farin marmara ne, 'yan mitoci kaɗan daga bangon Ka'aba na kudu maso yamma.